Tarihin Sallah Daga Ɗakin Mai Goyo



Duk wanda ya buɗe littafin tarihin ƙasar Hausa yana neman babin bukukuwan Sallah, abin da zai tarar bai wuce labarin sarakuna da hakimai da dawakai ba. Za a gaya masa cewa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara sallar Idi a filin Shadakoko, kamar yadda tsohon kundin Tarihin Kano ya kawo. Za a lissafa masa Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, a yi masa bayanin kakaki da figini da lifidi, har a kawo shi watan Disamba na 2024, lokacin da hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne.

To amma yaron nan da aka saɓa a kafaɗa don ya hango laimar sarki, wa ya yi masa wanka da asuba? Wa ya sa masa kwalli? Da kuɗin wa aka sayi 'yar hular da ke kansa? Kuma ina wadda ta yi wannan hidima take a daidai lokacin da ake jahi a Ƙofar Kudu? Mafi yawan lokaci tana gida, gaban murhu, da ƙanin yaron goye a bayanta. Ita ma tana da tarihi, sai dai ba a cika rubuta shi ba, domin kuwa marubuta tarihinmu iyakarsu zaure.

Wannan maƙala za ta wuce zauren nan, ta bi sawun mai goyo a ƙasashen Kano da Zazzau daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau. Abin da nake son nunawa guda ɗaya ne. A da, renon ƙaramin yaro da hidimar Sallarsa aiki ne na hannuwa da yawa. A cikin shekaru ɗari da 'yan kai an yi ta janye hannuwan nan ɗaya bayan ɗaya, kayan kuwa sai ƙara nauyi suke yi, har aka wayi gari ana jiran mace ɗaya ta ɗauki jinkar da a da gayya ake yi mata.

Tsohuwar da ta ɗaga mana labule

Da yake malaman da suka rubuta tarihin sarakuna ba su damu da abin da ke faruwa a madafi ba, babbar madogararmu game da rayuwar matan wancan zamani ita ce wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, wani ƙauye da ke wajen iyakar Kano da Zazzau. An haife ta wajen 1877, wato ta mallaki hankalinta tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith da ya yi bincike a kan Zazzau, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo.

Abin lura a nan shi ne, Baba ta yi aure har sau huɗu amma Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk da haka ɗakinta bai rasa yara ba, ta riƙe 'ya'yan dangi ta rene su har suka girma, kuma babu wani abu da ya shafi ciki da jego da suna da yaye da ya shige mata duhu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana yadda mutanen da suka ɗauki ɗa. Wadda ta haifa ita ce mahaifiya, amma iyaye suna da yawa. Idan Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, a wancan zamani ba magana ce ta fatar baki ba, tsari ne da ake bi.

Daga wanka zuwa yaye

Tsarin yana farawa tun kafin yaro ya faɗo. Mai cikin fari takan tafi gidan iyayenta goyon ciki, ko kuma a tafi da ita wankan gida bayan ta sauka. Aikin miji ne ya tanadi itacen wanka da nama da kayan yaji. Aikin tsofaffi ne, uwa ko kaka ko goggo, su dafa ruwa su yi wa mai jego wanka da ganye safe da yamma, su dama mata kunun kanwa, su gasa mata nama, a dafa mata ƙauri. Ranar suna maza su taru a ƙofar gida a raɗa suna a yanka rago, wanzami ya yi aski, mata kuma su cika gida da barka, kowace da abin da ta riƙo.

Abin da ya fi muhimmanci a duk wannan al'ada shi ne kwana arba'in. A cikinsu mai jego ba ta daka, ba ta niƙa, ba ta ɗebo ruwa, ba ta karɓar girki. Aikinta ta ci, ta yi wanka, ta shayar. In ta gama sai ta ci ado ta fita yawon arba'in, ta kai jariri gidajen dangi su gan shi. Wato tun kafin wata gwamnati ta san wani abu wai shi hutun haihuwa, al'ada ta riga ta yanka wa mace nata, kuma ta tanadi waɗanda za su riƙe mata aiki.

Bayan arba'in ma ba a sakar mata komai ita kaɗai. A gidan gandu, inda uba da 'ya'yansa da matansu ke zaune tare, girki zagayawa yake yi, mace ta yi kwananta ta fita, wata ta karɓa. Ga 'yar reno, yarinya ƙarama daga cikin dangi, wadda za a ɗaura wa jariri a baya uwa ta samu ta yi kaɗi ko ta rintsa. Shayarwa takan kai kusan shekara biyu, kuma abin kunya ne mace ta yi kwanika, wato ta ɗauki wani cikin ba ta yaye na hannunta ba. Ranar yaye kuma ba uwa ke shan kukan ba, gidan kaka ake kai yaro ya yi kwanaki har ya manta da nono. Ɗan fari kuwa, saboda alkunya, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko goggo ke ɗauke shi gaba ɗaya. Mai karatu zai iya ganin akwai tsanani a cikin wannan, kuma akwai. Amma ta wani ɓangaren, yarinyar da ta haihu da ƙuruciya ba a barin ta ta koyi reno a kan jariri ita kaɗai.

Kasuwar da ke bayan zaure

Tarihin Kano ya danganta fara kulle ga Rumfa, amma na fada ne. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya ƙara ƙarfi a gidajen malamai da attajirai. M. G. Smith ya nuna cewa yaɗuwarsa zuwa ƙauyuka ta biyo bayan mutuwar bauta a zamanin Turawa, wadda dokar 1936 ta kammala hana ta a Arewa, domin aikin gona ga mace ya zama alamar bauta, kowace 'ya kuwa tana son ta nuna ita 'ya ce.

Sai dai kulle bai taɓa nufin zaman banza ba. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cinikin tufafin da Kano ke samarwa a kan wuri miliyan 300 a shekara. Masaƙa da marina maza ne, ana ganin su a fili. Amma zaren da suke saƙawa daga ina ya fito? Daga mazarin matan da ke zaune a tsakar gida, suna gurza auduga suna kaɗi, da yawansu da goyo a baya. Bayan fiye da ƙarni guda, wata masaniya mai suna Polly Hill da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta rubuta a 1969 cewa akwai ɓoyayyiyar kasuwa a ƙasar Hausa, wadda rumfunanta su ne ɗakunan matan aure: wannan tana sayar da hatsi, waccan mai da gishiri, wata fura, wata ƙosai.

Kasuwa kuwa ba ta ci sai da ƙafa, ƙafar matar kulle kuma ita ce yaro. Wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, da ta yi bincike a cikin birnin Kano daga 1976, ta nuna dalla-dalla yadda yara ke zama 'yan aike da 'yan talla da masu kai saƙo tsakanin gidaje, tun da su ba a hana su shiga ko'ina. Ci da sha da sutura da muhalli haƙƙi ne a kan miji, kuɗin mace kuwa nata ne. Da su take zuba adashi, take yin biki ga ƙawayenta, take tara wa 'yarta kayan ɗaki, kuma da su take cike gurbin abin da maigida ya bari a kayan Sallah: awarwaro, ɗan kunne, kwalli, kuɗin kitso, lalle.

Sallah ta ƙarato

Hidimar Ƙaramar Sallah tun daga azumi take farawa. Shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame idan ta ji tsoron cutuwa gare ta ko ga ɗanta, amma kunun buɗa-baki da ƙosai da tuwon sahur ba su san rangwame ba. Idan azumi ya kai goma yara su fita tashe, maza da irin su Tsoho da Gemu, mata da irin su Mairama da Daudu, su dawo da hatsi da 'yan kuɗi. Ana cikin goman ƙarshe sai a shiga layin kitso da ƙunshi. Ranar jajibere kuwa ba a barci. Turmi biyu ko uku a tsakar gida, mata su kewaye suna lugude, wasu na tankaɗe, wasu na gyaran kayan miyar taushe, jarirai kuma suna yawo daga wannan baya zuwa wancan.

Da gari ya waye maigida ya fitar da zakkar kono ya tafi Idi da yara maza. Kafin su sauko an kwashe tuwon Sallah an jera akussa, yara su yi ta rabawa gidajen maƙwabta da dangi da surukai, can ma ana aiko da nasu. Daga nan sai yawon Sallah, yara su bi dangi gida gida suna gaisuwa ana ba su goron Sallah. A wannan yawo ne yaro ke sanin waye kawunsa, wace ce innarsa, ina ne gidan kakannin uwarsa. Da Babbar Sallah kuma aikin ya koma kan nama: gyaran kayan ciki, babbakar kai da ƙafa, suya ta kwana da wuni, rabo, da ajiye wutsiyar rago har zuwa daren Cika-ciki a watan Muharram. A Kano ga Takutaha mako guda bayan Mauludi, ranar da yara ke hawa Dala, a Daura da Gumel da Haɗeja ga Sallar Gani.

Har sunayenmu suna ɗauke da shaidar cewa haihuwa ba ta jiran a gama biki. Duk inda ka ji Sallau ko Tasallah, to wata mata ce ta yi naƙuda ana kaɗe-kaɗen Sallah. Duk inda ka ji Azumi ko Ɗan'azumi, wata ce ta yi jego mutane na kai baki. Kuma ita kanta fada ba ta manta da uwa ba, domin a Hawan Daushe, wanda ya fi kowane hawa ƙayatarwa a Kano, sarki yakan biya ta Babban Ɗaki, wato gidan mahaifiyar sarki, kafin ya dawo Ƙofar Kudu a yi masa jahi.

Jirgin ƙasa, anini da atamfa

Canji na farko ya zo ne a kan dogo. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa shi ke dawowa da yadin Turawa. Wuri ya mutu, anini da kobo da taro da sisi da sule suka maye gurbinsa, goron Sallah ya koma ƙarfe mai huda a tsakiya wanda yaro zai zura a zare. Keken ɗinki ya shigo. A 1957 aka buɗe masaƙar farko ta zamani a Kaduna, a 1964 aka kafa UNTL, wasu kuma suka biyo baya a Kano. Atamfa ta yi araha, mazari kuwa ya fara komawa ƙarƙashin gado. Matan da suka rasa kasuwar zare suka juya ga matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ɗinkin hula, da murza taliya, da abincin sayarwa.

Wannan zamani ya kawo sauƙi na gaske. Injin niƙa ya ɗauke wa mata aikin dutse, famfo ya rage zuwa rijiya. Amma ya kawo sabon ma'auni. A zamanin Baba ƙaramin yaro a ƙauye bante ya ishe shi, yarinya kuma ɗan zane da jigida, in an samu sabo da Sallah an gode Allah. Da atamfa ta wadata a Kantin Kwari sai ya zama abin kunya yaro ya fita ba sabon ɗinki. Da aka canza kuɗi zuwa naira a 1973, ga arzikin man fetur, ga ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 har da bashin watannin baya, sai kala ɗaya ta daina isa. Aka fara maganar kayan Idi daban, na kallon hawa daban, na zuwa gidan Zoo da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako daban. Kusa da nakiya da alkaki da dubulan sai ga cincin da kek da shinkafa da kaji da lemon kwalba. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙarin awa ne a gaban wuta.

Boko da kalmar hutu

Canji na biyu makaranta ce. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina suka biyo a 1930, amma duk wannan bai taɓa gidan talaka sosai ba sai a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Schildkrout tana Kano a daidai lokacin, kuma ta ga abin da masu tsara shirin ba su lissafa ba. Yarinyar da za ta riƙe jariri da hantsi, da yaron da za a aika cefane, da mai ɗaukar farantin talla, duk su ne ake nema a aji. Iyaye mata da yawa da aka zarga da ƙin boko, lissafi ne kawai suka yi: in yarinya ta tafi, wa zai fita da ƙosai, kuma da me za a yi mata kayan ɗaki?

Karatun 'ya mace alheri ne wanda babu mai hankalin da zai so a koma baya a kansa. Abin da ake faɗa shi ne, an cire hannu ɗaya daga ƙarƙashin jinka ba a sa wani ba. Masu hali suka cike gurbin da 'yar aiki daga ƙauye, wato aka ɗauko 'yar wata uwar da ta fi talauci aka ɗora mata goyon, ita kuma nata karatun ya tafi.

Boko ne kuma ya kawo mana hutu irin wanda muka sani yau. Makarantar allo tana da Alhamis da Juma'a da kwanakin Sallah. Ta boko ta zo da zango uku da dogon hutu. Ma'aikatan da aiki ya kai Kaduna da Jos da Legas suka mayar da hutu lokacin tura yara gida wajen kakanni, su koyi gaisuwa, su ga rumbu da turke, uwa kuma ta samu ta numfasa. Wannan ya zama sabon salon riƙo, na 'yan makonni. Shi ma a shekarun baya-bayan nan ya samu tangarɗa, domin ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, da harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, sun sa iyalai da dama sun rage zuwa gida, wasu ma kakannin ne suka baro ƙauyen.

Ita kuma macen da ta yi karatu ta kama aiki, sai ta tarar da wani lissafin. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ta mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2001 take cewa a shayar da nono zalla wata shida. Jihar Kaduna ta ɗaga hutun ma'aikatanta mata zuwa wata shida a 2019, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince da kwana 14 ga ma'aikatanta maza a 2021. Amma mafi yawan iyaye mata a Arewa ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Mai sayar da awara da mai ɗinki, ranar da ba su yi ba, ba su samu ba.

Daga SAP zuwa wayar hannu

Canji na uku aljihu ne. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, albashi ya daina kai wata. Ma'aunin da aka kafa zamanin Udoji kuwa bai sauko ba. Iyaye mata suka koma Ƙofar Wambai suna tsintar gwanjo mai kyau, a wanke a goge ya zama kayan rana ta biyu. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta dakatar da aiki a 2007, atamfar Sin ta cika Kwari.

A daidai wannan lokaci ne gidan gandu ya yi ta rushewa. Uba ya rasu a raba gado, a sayar da gida, kowa ya kama gabansa. Birni ya faɗaɗa zuwa Kurna da Rijiyar Zaki da Sheka da Hotoro da abin da ya wuce su. Amarya ta tare a gidan haya ita kaɗai, kuma da yawa sun fi son haka, domin sun ga abin da iyayensu suka sha a hannun uwar miji da faccaloli. Ta samu sirri da 'yanci, amma ranar da zazzaɓi ya kama ta da jariri a hannu da ɗan shekara biyu yana jan zane, babu wanda za ta miƙa wa. Wankan gida ya ragu, wani lokaci uwa ce za ta zo ta yi mako biyu ta koma, domin ita ma tana da nata aikin.

Sai kuma waya ta zo da Facebook da WhatsApp da TikTok. A da, waɗanda za su ga kwalliyar yaro ba su wuce dangi da 'yan unguwa ba, kuma kowa ya san samun kowa. Yau hoton ɗan attajiri da na ɗan mai gadi a allo ɗaya suke fitowa. Ga anko na iyali, ga mai hoto, ga wuraren wasa da ake biya a ƙofa. Duk wannan kuwa a lokacin da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuma tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Karin maganar nan ta Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi, yanzu ba wawa kaɗai take bari ba, har da uwar da ta kwashe adashinta don kada ɗanta ya tsaya a raɓe cikin tsararrakinsa.

Shekarar 2020 ta ba mu wani darasi. Saboda annobar korona an soke hawan Sallah a Kano da sauran masarautu, ba doki ba kakaki. Amma an yi kitso, an ƙunsa lalle, an tuƙa tuwo, yara sun sa sababbin kaya ko da a tsakar gida ne. Ashe ana iya Sallah ba hawa, amma ba a iya yin ta ba uwa.

Kada mu ruɗi kanmu

Waiwaye adon tafiya ne, amma kada ya sa mu ce da can aljanna ce. Zamanin Baba zamani ne na agana, wadda sai a 1980 aka tabbatar da an kawar da ita daga duniya, da ƙyanda da ke share yaran unguwa a bazara ɗaya. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Abarshi da ake sa wa 'ya'yan mai wabi, kukan iyaye mata ne da suka gaji da binne 'ya'ya. Har a binciken lafiya na ƙasa na 2018, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar, alhali a ƙasa baki ɗaya 132 ne.

Shi kansa jegon yana da nasa haɗari. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun lura da yawaitar ciwon zuciya a tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2020, ya fi ɗora alhakin a kan rama da talauci da rashin ilimi da hawan jini na masu ciki. Ko wanne aka ɗauka, darasin ɗaya ne: mai jegon da ta kumbura ko numfashi ke yi mata wuya, asibiti take bukata, ba ƙarin ruwan zafi ba. Haka nan riƙo ya raba yara da yawa da gata, talla ta jefa 'yan mata da yawa a hannun miyagu, kishi kuma ya sa wasu gidajen gandu sun zama kurkuku.

Kammalawa

Saboda haka ba kira ake yi a koma gidan jiya ba. Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, kakanninmu duk da ƙarancin asibiti da ilimin zamani sun fahimci abu ɗaya da muke neman mantawa, wato hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sun ba mai jego kwana arba'in, sun raba girki, sun raba kukan yaye, sun raba dakan Sallah. Mu mun karɓi asibiti da makaranta da injin niƙa, kuma mun gode Allah, amma mun bar gayya a baya, muka riƙe dogon lissafin kayan Sallah muka ƙara masa tsawo.

Gyaran kuwa ba sai an jira gwamnati ba, ko da yake ita ma tana da nata na hutun haihuwa da wuraren reno a ma'aikatu. Maigida da ke zaune da matarsa su biyu ya sani cewa gurbin kaka da goggo da 'yar reno duk shi ya gada, riƙe yaro ranar jajibere ba ya rage masa girma, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida. Maƙwabta a gidajen haya za su iya haɗa suya da tuya kamar yadda iyayensu suka haɗa lugude. Dangi su dawo da arba'in ta zama hutu na gaske, a bar abin da likita ya ce yana cutarwa. Iyaye mata kuma su yi wa juna rangwame a kan kala nawa aka ɗinka, domin abin da yaro ke riƙewa har ya tsufa shi ne gidajen da aka kai shi da hannuwan da suka shafa kansa.

Idan Sallah ta zo aka fita kallon hawa, a tuna da wadda ta shirya 'yan kallon. Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Ya jiƙansu, Ya raya mana zuriya bisa tafarki madaidaici. Amin.